Kafin ki ɗauko 'yar mussar nan, je ki zauna a tabarma

Assalamu alaikum Goggo. Ni matar aure ce da ɗiya guda 'yar shekara 4. Bara ƙanen maigidana ya kawo mana 'yar mussa da ya tsinto a wani kango. Wata biyar ta yi a gidan ba ta yarda kowa ya taɓa ta ba. Ranar da ɗiyata ta rutsa ta a lungun kicin sai ta yakushe ta a kumatu, saura ƙiris ido. Maigida ya sa aka fitar da ita, ya ce ba mussa a gidansa kuma. To yanzu ɓeraye sun addabe mu, sun huda buhun gero, har littattafansa sun taɓa, ni kuma ina tsoron zuba magani saboda yarinya. Da ƙyar ya sassauta, ya ce in na samu mai hankali in kawo, amma in ta sake taɓa yarinya shi ke nan. Mussar wata Hajiya maƙwabciyarmu ta haifi 'ya'ya huɗu, yau watansu ɗaya. Akwai wata fara tas da raina ya kwanta da ita, sai dai ko yaushe na je tana bayan turmi. Akwai baƙa mai shisshigi, ita ke fara zuwa ta shinshina ƙafata, amma surukata ta ce baƙar mussa ba ta shiga gida. Hajiya kuma tana matsa mini in zo in ɗauka makon nan don sun dame ta. Goggo, ya zan gane wadda za ta zauna lafiya da mutane tun tana ƙarama haka?

Wata uwa daga Mabera, Sakkwato

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗiyata. Na karanta takardarki sau biyu, abin da ya tsaya mini a rai kuwa shi ne kumatun yarinyar nan. Allah ya ƙara tsarewa. Ban ga laifin maigidanki ba ko kaɗan, duk uban da ya ga jini kusa da idon ɗiyarsa abin da zai faɗa ke nan. Amma ina so ki san wani abu tun yanzu, don kada ki shiga zaɓen nan da fargaba. Mussar da kuka yi bara ba mugun hali gare ta ba, tsoro ne ya cika ta. A kango aka haife ta, makonninta na farko suka wuce ba hannun ɗan Adam da ya taɓa ta, ta tashi tana ganin mutum kamar yadda take ganin kare. Da aka rutsa ta ba hanyar fita, ta yi abin da kowace halitta mai farce za ta yi.

Masu nazarin halayyar dabbobi sun gano cewa akwai wani ɗan taƙi a rayuwar kyanwa, daga mako 2 zuwa mako 7 da haihuwa, wanda a cikinsa take rarrabe waye nata, waye abin gudu. Duk abin da ta saba da shi a makonnin nan, hannun mutum ne, kukan jariri ne, ƙarar daka ce, shi za ta riƙe a matsayin abin gida har tsufanta. Wanda ba ta gani ba kuwa, da wuya ta sake jiki da shi daga baya. Wata masaniya a Amurka mai suna Eileen Karsh ta gwada wannan a shekarun 1980, ta kuma ga yawan riƙon ma yana da tasiri: 'yan kyanwar da ake ɗauka kamar minti 40 a rana sun fi waɗanda ake ɗauka minti 15 son mutane. Wadda hannu ɗaya kaɗai ta sani takan tsaya kan mai hannun, wadda ta ratsa hannaye da yawa ita ke karɓar baƙo. Mu dai tun kaka da kakanni mun san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, su kuma suka ƙirga mana kwanakin ɗanyantakar.

'Ya'yan mussar Hajiya watansu ɗaya. Kina tsakiyar lokacin ke nan, saura miki mako uku. Kin tambaye ni yadda za ki gane mai hali, ni kuwa ina gaya miki abin da ke hannunki ya fi haka, domin da hannunki za a gina halin.

Saboda haka maganar ɗauka makon nan ki ajiye ta. 'Yar wata guda ba ta gama shan nono ba, yanzu ne ma take fara lasar abinci. Kuma ba nono kaɗai take samu a wurin uwa ba. A kokawar da suke yi da 'yan uwanta take koyon iyakar cizo: ta ciji ɗan uwanta da ƙarfi, ya tsala ƙara ya bar mata wasan, gobe sai ta sassauta. A nan take koyon mayar da farce cikin kube. Wadda aka raba da 'yan uwa da wuri, wannan karatun a jikin ɗiyarki za ta yi shi. A Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland an yi nazarin kyanwoyi fiye da 5,700, aka fitar da sakamakon a 2017, aka ga waɗanda aka yaye kafin mako 8 sun fi saurin kai wa mutane hari. Mako 8 shi ne mafi ƙaranci. In za ki iya haƙuri ta kai mako 12, wato wata uku, ya fi mini. Ga kuma maganar ɓeran da ta kawo ki: daga wajen yanzu ne uwa ke fara kawo musu abin da ta kamo, da fari matacce, can gaba mai rai, ta ajiye ta koma gefe tana kallo suna gwadawa. Kada ki fitar da ita daga makarantar tun ba a fara darasi ba.

Hajiya da ta ce sun dame ta gaskiyarta ce. Mage mai shayar da huɗu cinta ninkawa yake yi, in ba ta ƙoshi ba sai ta fara buɗe tukwane. Ki je da sallamarki ki ce, “Hajiya, na ji na gani ina so, amma a yi mini alfarma a bar ta ta ƙara ƙwari. Abincin uwar a bar mini shi, sharar wurin ma ni zan riƙa yi.” Dafaffen kifi da aka zare wa ƙaya, tarkacen nama daga wurin mahaucinku, dafaffen ƙwai, ba wani abu mai tsada ba ne. Ban ga dattijuwar da za ta ƙi wannan ba. Zuwan da za ki riƙa yi kullum kuwa shi ne ainihin aikin.

Kada ki je da tsakar rana. Kin san ranar Sakkwato, balle in bazara ta kama zafi ya haura digiri 40. Kowace mage tana shimfiɗe a gindin randa kamar tsumma, mai kuzari da marar lafiya duk kamarsu ɗaya. Mage halittar sassafe da yamma ce, don haka ki je da sanyin safiya ko la'asar sakaliya. Ki rage humra da turaren wuta in za ki, hancinsu ya fi namu nesa ba kusa ba.

In kin shiga, ki shimfiɗa tabarma kamar taku uku daga inda suke, ki zauna, ki ci gaba da hirarki da Hajiya kamar ba don su kika zo ba. Kada ki kira, kada ki kai hannu, kada ki ƙura musu ido, domin a wurin mage ƙura ido neman faɗa ne. Cikin minti goma za ki ga sun rarrabu da kansu. Wata za ta taho kai tsaye. Wata za ta tsaya daga nesa tana kallon abin da zai samu ta farkon, in ta ga lafiya sai ta biyo. Wata kuma ba za ta fito ba sam. Ki lura da wutsiya. Wadda ta taho da wutsiya a miƙe sama, ƙarshen wutsiyar a ɗan lanƙwashe, sallama take yi miki. In ta iso, ki miƙa yatsa guda ƙasa-ƙasa daidai hancinta, ki tsaya cik. In ta shinshina ta goga kumatunta a yatsan, ta karɓe ki ke nan. A kumatun nan akwai wani ƙamshi nata da mu ba ma ji, da shi take sa wa abin da ta amince da shi alama.

Sai ɗauka. Hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafi ƙafafun baya, ki jingina ta da jikinki kina zaune. Ba a ɗaga ta da fatar wuya, ko da kin ga uwarta na yi. A nan ba ido ke aiki ba, tafin hannu ne. Wata za ta ɗan yi mutsu-mutsu, sai ki ji ta saki nauyinta kamar jaririn da ya ƙoshi, wataƙila har ki ji ɗan gurnanin nan mai laushi yana tashi daga maƙogwaronta. Wata kuwa za ta sandare, baƙin idonta ya buɗe ya cinye idon, kunnuwa su kwanta baya, zuciyarta na dukan yatsunki kamar ta tsuntsun da aka kama. Nan mutane da yawa ke ruɗuwa, su ce ga mai hankali, ko motsi ba ta yi. Ba hankali ba ne, ɗiyata, tsoro ne ya daskarar da ita, kuma ranar da ta yi ƙarfi tsoron nan ne zai fito ta farce. In ta nemi sauka ki sauke ta nan take, sannan ki bi ta da kallo. Rugawa ta yi ta ɓuya, ko kuwa taku biyu ta yi ta zauna tana lasar jiki, can ta juyo wurinki? Wadda ta juyo ita ce taki. Tana cinyarki ɗin ma ki taɓa inda yaro zai taɓa, tafin ƙafa, kunne, wutsiya, a hankali, ki ga ko janyewa kawai take yi ko juyowa da haƙori.

Akwai gwaji guda da na fi yarda da shi. Suna cikin wasa, ki saki cokali a kan faranti daga ɗan nesa, sau ɗaya tak. Duk za su zabura, zabura ba aibi ba ce. Abin da za ki duba shi ne wace ce ta fara dawowa hayyacinta. Wata kafin ki ƙirga goma ta miƙo wuya tana leƙen cokalin. Wata sai kin tashi tafiya tana ƙarƙashin gado. Gidan da ke da 'yar shekara 4 ba ya rabo da ƙara: murfin tukunya ya faɗi, janareta ya tashi, ɗan kabu-kabu ya danna oda a ƙofar gida, ranar suna mata su cika tsakar gida. Mage mai saurin dawowa ce ke iya zaman irin wannan gida.

Ki tafi da ɗan tsumma da kika ɗaura wa zare, ko gashin kaza, ki ja a ƙasa ki ga wace ce za ta bi. Amma yatsunki kada su zama abin wasa ko sau ɗaya, kuma ki hana yaran gidan Hajiya. Cizon da yau yake ba ki dariya, nan da wata shida jini zai fitar.

Duk wannan ki fara shi tun gobe, kowace ki ɗan riƙe ta ki shafa ta, ki ba yaran gidan su ma su riƙe kina kallo. Amma hukuncin wadda za ki ɗauka ki bari sai sun kai mako 6 zuwa 7. Yanzu tangaɗi suke yi, ba su gama nuna kansu ba, kuma abin da kika gani rana ɗaya ba shi ne hali ba sai kin gan shi ya maimaitu.

Na lura da wani abu a takardarki. 'Ya'ya huɗu kika ce, amma labarin biyu kika ba ni, wadda ta fi kyau da wadda ta fi rawar kai. Ina biyun da ba ki ambata ba? Ki koma ki kalle su da kyau. A abin da na gani, gidan ƙaramin yaro ya fi dacewa da ta tsakiyar nan, wadda ke dubawa kafin ta taho, in ta taho kuma ta zauna. Kada ki nemi kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi, wannan a karin magana kaɗai take. Wadda kike nema ita ce wadda in an dame ta za ta tashi ta bar wurin, in ƙura ta lafa ta dawo.

Ki kalli uwar ma. Tana barin a taɓa ta? In kin ɗauki ɗanta kallonki take yi daga kwance, ko huci take yi tana kwashe su zuwa bayan rumbu? 'Ya'ya suna koyi da ita. Uban ma yana da rabo, ko da bai taɓa ganinsu ba. A wani gwaji da wata masaniya mai suna Sandra McCune ta yi a Ingila, aka wallafa a 1995, 'ya'yan muzuru mai son mutane sun fito sun fi na muzuru mai gudun mutane ƙarfin hali, alhali dukkansu ba su taɓa haɗuwa da iyayen nasu maza ba, kuma waɗanda suka fi kowa sakin jiki su ne waɗanda suka haɗa biyun, uba mai son mutane da riƙo tun suna ƙanana. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A wurinmu uban galibi muzurun unguwa ne mai bin katanga, amma tambayi yaran gidan, su sun san wanda ke zuwa. Ki kuma sani cewa ciki ɗaya na mage yakan iya zama na muzuru fiye da ɗaya, don haka ba abin mamaki ba ne fara da baƙa su sha nono ɗaya su bambanta kamar dare da rana.

To mu zo kan farar. Kafin ki ce tsoro ne, ki gwada jinta. Farar mage tas, musamman mai shuɗin ido, ta fi sauran yawan fitowa kurma, kunne ɗaya ko duka biyu. Launin idon ba zai gaya miki komai yanzu ba, domin duk 'yan kyanwa da shuɗin ido suke farawa, sai wajen mako 6 zuwa 7 yake fara juyewa. Ki tsaya ta bayanta inda ba ta ganinki, ki karkaɗa makullai, ki duba ko kunnenta zai juya. In ba ta ji, zaman bayan turmin yana da dalili: komai ba zato yake zo mata. Irin wannan tana iya zama lafiya a ɗaki, amma ba a gidan da yarinya za ta faɗo mata ta baya ba, ba kuma a gidan da ke bakin titi ba. Farar fata ma ranar garin nan tana ƙona mata bakin kunne da hanci. In kuwa tana ji, tsoro ne kawai, to ki ba ta makonni ukun nan. Ki zauna kusa da turmin, ki sa ɗan kifi a yatsa, ki bari ita ta taho. In zuwa mako 7 tana fitowa da kanta, alhamdu lillahi. In har lokacin tana sandarewa a hannu, ki haƙura da ita, ko da ranki yana so.

Na san zafin wannan haƙurin. Ina amarya a cikin gari na tsinci wata a rumfar albasa, ba ta fi tafin hannu biyu ba, sai huci take yi kamar kububuwa. Wata takwas ta yi ba ta cin abinci sai na ba ta baya. Wata rana da hantsi ina zaune ina tsintar shinkafa a faifai, sai na ji ɗan nauyi a gefen zanena. Ban waiwaya ba. Ta ɗora ƙafa ɗaya, ta jira, ta ɗora ta biyu, ta hau cinyata ta dunƙule. Ban motsa ba har ƙafata ta yi tsami, shinkafar ranar ma sai bayan azahar aka dafa ta. Shekara goma sha ɗaya muka yi tare, na so ta ƙwarai, amma har ta mutu in ta ji sallamar baƙo sai ta haye bango. A lokacin ba yaro a gidan, ni kaɗai ce da lokacina. Irin waɗannan suna da gidajensu, gidan tsohuwa mai zaman shiru ko na wanda yaransa suka girma. In kina son farar nan da gaske, ki taya Hajiya nemo mata irin wannan gida.

Baƙar kuwa, a abin da kika faɗa ita ce ta fi nuna son mutane, ko da yake mai shisshigi tana son wasa da yawa, za ta hau labule, in kuna da 'yan tsaki kuma sai kin kife su a akurki. Launinta gado ne kawai, kamar yadda akuyar Sakkwato ke fitowa ja, ba ruwansa da hali. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo cewa Abu Ƙatada ya karkata wa mage ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha, ya ce Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya faɗa cewa ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninmu. Ba a ware baƙa a ciki ba. Amma ba na so ki mayar da wannan abin jayayya da surukarki. Ki bar ɗanta ya yi mata maganar cikin ladabi. In ta sauko, madalla. In ba ta sauko ba, kuma tana yawan zama a gidan, kada ki kawo baƙar. Mage da ake kora da tsintsiya ana jan a'uziyya duk inda ta gifta, komai kyan halinta sai ta koma irin ta bara, kuma ita za a zalunta.

Duk wadda kika tsayar, ki duba lafiyarta, don shirun ciwo yana kama da shirun hankali. Ido garau ba kwantsa, hanci ba majina, dasashi ja-ja ba fari fat ba, ƙarƙashin wutsiya ba alamar zawo. Ciki da ya kumbura kamar tulu a jiki ramamme alamar tsutsa ce. Ki buɗa gashin ki duba ƙuma. In kin ga inda gashi ya zube ya yi da'ira, makero ne, yana kama yara, sai an yi magani kafin ta shigo.

Yanzu ɗiyarki. Ita ma tana da nata karatun, kuma wataƙila tun abin bara akwai tsoro a ranta. Ki riƙa tafiya da ita gidan Hajiya. Ta zauna a tabarma kusa da ke, mussa ce za ta zo wurinta, ba ita za ta bi mussa ba. Hannu ɗaya, daga kai zuwa baya. Ba a taɓa ta tana ci ko tana barci, ba a jan wutsiya, ba a bin ta lungu. Ki nuna mata cewa in wutsiya ta fara dukan ƙasa, kunnuwa suka kwanta, to cewa take yi ya isa. Wutsiyar mage ba irin ta kare ba ce, kaɗawarta gargaɗi ne. Watannin farko kada ki bar su su biyu ba babba a kusa.

Ranar da za ta tare, ki goga wani tsumma a jikin uwar ki taho da shi. Ɗaki guda za ki ba ta tukuna, da kwali a kife mai ƙofa inda za ta shige, da ruwa, da roba mai yashi nesa da abincinta. Ki tabbata akwai wani wuri mai tudu da za ta haye inda hannun yarinya ba ya kaiwa. Lungun kicin ɗin bara abin da ya rasa ke nan. In lokacin hunturu ne ki ƙara mata tsumma, ƙananan ba sa jure sanyi.

Kada wani ya ce miki a bar ta da yunwa don ta kama ɓera. Farauta a jininta take, ƙoshi ba ya hana ta, yunwa kuwa gidan maƙwabta take kai ta. Kin kuma san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi nata ba. Abincinta nama ne da kifi da ƙwai, tuwo kaɗai ba ya riƙe ta. Miyar da aka sa wa albasa ko tafarnuwa tana lalata mata jini, mu kuwa garin albasa muke, sai ki cire nata kafin ki sa kayan miya. Madara tana sa yawancinsu zawo. Farasitamol ko ɓari ne yana kashe mage, maganin ƙuma na karnuka ma haka. In akwai sauran maganin ɓera a wani lungu ki kwashe, kada ta ci shi ko ta ci ɓeran da ya ci. Kada kuma ki sa ran aiki daga 'yar wata uku, sai ta tasa. Kafin nan ki ɗora buhunan a kan benci, ki toshe ramuka, littattafan maigida su shiga akwati.

A makon farko ki kai ta wurin likitan dabbobi, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo nan cikin gari. A ba ta maganin tsutsa, a tsara mata allurai, musamman ta cutar haukan kare, wadda ake yi daga wata uku, domin mage ma tana ɗaukarta. Ki yi musu maganar fiɗiya ma, mace tana iya ɗaukar ciki tun ba ta cika wata shida ba, namijin da aka yi wa kuma ya fi zaman gida da rage faɗa. In kuma wata dabba da ba ku san ta ba ta ciji yarinya ko ta yakushe ta, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a wuce asibiti ranar, kada a jira a ga abin da zai faru.

Shi kuma maigida, kada ki yi masa alkawarin cewa ba za ta taɓa yakushi ba, don ba a hannunki yake ba, kuma ranar da farce ya ɗan karci yarinya cikin wasa maganarki ce za ta zube. Ki gaya masa gaskiya: wannan a hannun mutane ta tashi, an bar ta ta gama da uwarta, za a yi mata allura, ke kuma ba za ki bar su su biyu ba. In sun kai mako 7, ki nemi izinin Hajiya a fito da su zaure wata la'asar, ya zauna a tabarma da ɗiyarsa a cinya, ya ga wadda za ta taho wurinsu da ƙafarta. Ki shafa mini kan jikata.